Kwana Arba'in a Kan Rufin Shago

Tun ranar da Dogo ya furta cewa yana son Auta, gidan mai fenti bai sake zaman lafiya ba.

Ba wani mugun abu ya yi ba. Ba ya shaye-shaye, ba ya caca, bai taɓa ɗaga wa babba murya ba. Laifinsa ɗaya ne: an san shi. A shagon Baba, mahaifin Auta, ya koyi riƙe buroshi shekara goma sha huɗu da suka wuce, a nan ya iya haɗa kala da zana harafi, kafin ya je ya kafa tasa rumfar rubutun allo a bakin titi. Inna ta san shi tun wandonsa na da faci a gwiwa. Akwai kuwa irin mutanen da in sun taɓa ganin facinka, ko siliki ka sa daga baya, facin nan suke gani.

Manaja ba wanda ya san facinsa, don ba wanda ya san daga ina ya ɓullo. Injinan buga bana, wato manyan ledojin talla, yake sayarwa. Ba a taɓa gano abin da yake yi wa manajanci ba, amma yana da mota mai sanyi, da turaren da ke riga shi shiga ɗaki, da agogon da yake yawan dubawa ba don neman lokaci ba, sai don a ga agogon. Talla ta kawo shi shagon. Ya tarar da Auta a gaban kwamfuta tana tsara allon wani kantin magani, daga nan tallar ta koma biyu.

Inna ta karɓe shi hannu bibbiyu. Yaya, babban wan Auta, wanda ya kai shekara talatin da biyar bai taɓa gama wankin buroshi ɗaya ba, ya mayar da shi amini cikin mako guda.

Auta ba yarinya ba ce, shekararta ashirin da shida, kuma rabin aikin shagon a hannunta yake. Ta faɗa musu a fili cewa Manaja ko shi kaɗai ya rage a duniya ba ta so. Amma ta kuma faɗa wa Dogo cewa ba za ta aure shi ba sai Baba ya ce to da bakinsa. Baba kuwa ya yi gum. Shiru ne makamin mazan da ke tsoron matansu amma suke so a ɗauka tunani suke yi.

Ana cikin haka hannun Baba ya fara rawa. Layin da a da yake ja kamar da zare, yanzu sai ya fito da ƙugu. Masu kawo aiki ma sun canza. Kowa bana yake so mai hotonsa a jiki, har mai sayar da siminti so yake a buga fuskarsa kusa da buhu, kamar wani zai sayi siminti don kyan haƙoransa. Baba ya yanke shawarar zuba sababbin kayan aiki a shagon, saye ɗaya wanda a shekarunsa ba zai maimaita ba.

Ya tara su a shagon wata safiya, ya ce kowa ya faɗi abin da ya gani.

Manaja ya shimfiɗa littafin hotuna mai ƙyalli. Ya nuna wani inji mai tsawon mota, ya ce kafin a sha ruwa a aje kofi ya buga bana mai rufe gaban bene. Tawadarsa araha, ledar banarsa sakayau, ɗan yaye ma zai ɗauka. Ya yi ta jero sunayen sassan injin da harshen da shi kansa bai gama ji ba, Yaya yana gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Da aka zo kan Dogo, sai ya tashi ya auna ƙofar shagon da takunsa. Ya ce injin ba zai shiga ba sai an rushe bango. Ya ce janaretan Baba ba zai ja shi ba. Ya tambayi wa zai gyara shi in bakin tawadar ya toshe, Manaja ya ce ai ba ya toshewa. Dogo ya ce in da shi ne, ƙaramin inji zai ɗauka wanda akwai kayan gyaransa a kusa, da tawadar da aka yi don rana da ruwan sama, da leda mai kauri wadda iska ba ta yagawa daga wurin ƙusa, da ɗan injin yankan sitika don gilashin kantuna da jikin motoci. Allo kuma a bar katakon da ke kumbura da damina, a koma na ƙarfe mara tsatsa.

Yaya ya yi dariya ya ce wannan tunanin rumfa ne, wanda ya saba da inuwar kwano ɗaya ba zai iya hango kamfani ba. Inna, daga bakin ƙofar da ta haɗa shagon da cikin gida, ta ce ai kowa gwargwadon aljihunsa yake mafarki.

Baba bai ce kowa ya yi daidai ba. Ya ce a hau rufi.

Wannan tsohuwar ƙa'idarsa ce. Shekara arba'in yana sana'a, bai taɓa sayen fenti ko leda ko allo da yawa ba sai samfurinsu ya kwana arba'in a saman shagon. Akwai wani faifan katako a can da yake kafa su a jiki, fuskarsu na kallon rana. Rabin kowane samfur yakan rufe shi da guntun kwano ya ɗaure da ƙusa, ya bar rabin a fili. Ranar saukewa sai a cire kwanon a ga abin da rana ta ci da abin da ta bari. Ƙofar matakalar da kwaɗo take, mukullin a aljihunsa.

Aka buga samfur biyu iri ɗaya: ja, rawaya, shuɗi, baƙi, da fuskar mutum a tsakiya. Na Manaja daga babban injinsa, na Dogo daga ƙaramin injin wani abokin sana'arsa. Aka kafa, aka rufe, aka kulle.

Washegari Inna ta tsare Baba a kan ya ba Manaja amsa, mutum mai daraja ba a barinsa tsaye a ƙofa. Da ta matsa, sai ya ce:

"Ranar da aka sauke samfur zan amsa duka biyun. Wanda na yarda da idonsa a kan shagona, shi zan yarda da shi a kan 'yata."

Uba ne ya ɗora 'yarsa a sikeli ɗaya da ledar bana, kuma ba wanda ya ce masa kanzil, don kowane ɓangare ya tabbata shi zai ci.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Aka yi rana, aka yi ruwa sau uku. Manaja ya mayar da gidan wurin hutawarsa, kullum da leda a hannu, yana kiran Inna Mama da wata murya mai maiƙo. Inna kuma ta buɗe wa Auta makaranta, safe darasi, yamma darasi: so ba ya cika tukunya, kyan hali ba ya biyan kuɗin asibiti, mace ta yi kuka a cikin mota ya fi ta yi shi a ƙasa.

A kwana na talatin da uku Auta ta kasa daurewa. Da la'asar ta je rumfar Dogo, ta same shi yana goge wani allon makaranta da tsumma. Ta zauna a kan gwangwanin fenti, ba ta ko gaishe shi ba hawaye suka fara.

"Ka faɗa mini gaskiya. Naka zai koɗe?"

"Zai koɗe. Jan zai ɗan yi haske. Ja shi ke fara tafiya."

"Malam Dogo, ko ƙarya ba ka iya yi mini ba? Na taho tun daga gida ina kuka, abin da za ka ce ke nan?"

Ya ce babu abin da zai kwana arba'in a rana bai canza ba, ko fatar mutum ce. Abin dubawa shi ne wanne ya fi jurewa. Ya ce tawadar Manaja ta cikin ɗaki ce, in ba a yi wani abu ba jansa zai koma ruwan hoda.

Ta kama kalmar nan, in ba a yi wani abu ba. Ta share ido ta matso, ta rage murya. Ta ce mukulli biyu ne. Na biyun yana cikin akwatin Inna, ƙarƙashin zannuwa. Jibi Baba zai je asibiti a duba masa hannu, zai wuni. Sabon samfur minti nawa ne a buga? Ƙusa huɗu ne kawai.

Dogo ya aje tsumman.

"A hannun Baba na koyi rufe rabin nan, Auta. Ni nake riƙe masa ƙusa. In na hau rufin nan a ɓoye, da wane ido zan ci abinci a gidansa?"

"To ka zauna da idonka. Ni kuma in zauna da me? Shekara uku ina korar mutane saboda kai. An kira ni tsohuwar kaya, an kira ni mai taurin kai, uwata ta daina amsa gaisuwata da baki sai da hanci. Kai ƙusa huɗu sun fi ƙarfinka."

"Ba ƙusa ba ne."

"Na sani. Mutuncinka ne. Allah ya bar ka da shi, ya yi maka shimfiɗa, ya dafa maka abinci."

Ta yi kuka mai isarta, shi kuma ya tsaya a kanta yana murza hannu yana ba ta haƙuri, irin haƙurin da masu gaskiya ke rabawa kyauta tunda ba su ke shan zafin ba. Ta tashi da tabon shuɗin fenti a bayan zanenta, ba ta sani ba, shi kuma bai iya faɗa mata ba.

Ranar arba'in, da hantsi, aka hau gaba ɗaya. Baba a gaba da mukulli da hammar cire ƙusa, Yaya a bayansa, Manaja yana ɗage ƙafar wando kada ƙura ta taɓa, Inna tana haki amma ta rantse sai ta gani da idonta. Dogo da Auta suka zo ƙarshe, ba mai kallon wani.

Tun daga nesa aka ga bambanci. Samfurin Dogo ya yi ƙura, jansa ya ɗan kwanta, tsuntsu ma ya bar masa shaida a gefe. Na Manaja kuwa sai ɗaukar ido yake, jan kamar a taɓa ya ɓata hannu.

Yaya ya fara tafi. Inna ta ce alhamdu lillahi, gaskiya ta yi halinta. Manaja ya duba agogo.

Baba ya sa bayan hamma ya zare ƙusoshin samfurin Dogo, ya ɗaga kwanon. Layi ya fito a tsakiya, siriri amma a bayyane: nan rana ta taɓa, nan ba ta taɓa ba. Ya daɗe yana kallo, ya shafa da babban yatsa, ya ja gefen ledar ya ga ba ta tsage ba.

Ya koma kan na Manaja. Ƙusoshin suka fito ba gardama. Ya ɗaga kwanon.

Babu layi. Rabin da aka rufe da rabin da aka bari duk ɗaya, kamar yanzu suka fito daga inji.

Yaya ya ce to ga shi nan, ko alama babu, wannan ita ce tawada. Manaja ya yi murmushi ya ce ai ya faɗa tun farko, kayansa ba su san rana ba.

A nan kaɗai ya faɗi gaskiya, bai kuma sani ba. Mutumin da duk rayuwarsa a cikin ɗakin nuna kaya ya yi ta, bai taɓa tsayawa ƙarƙashin allo da tsakar rana ba, shi a ganinsa rashin layi shi ne cin jarrabawa. Mutum uku ne a rufin nan suka san me rashin layin ke nufi, Baba da Dogo da Auta, kuma su ukun ba wanda ya yi tafi.

Baba ya sunkuya ya kai hancinsa jikin ledar. Ya miƙe.

"Manaja, kwana nawa wannan ya yi a nan?"

"Arba'in mana, Baba. Ai tare muka kafa."

"Har yanzu yana warin tawada. An yi ruwa sau uku. Shekara arba'in ina ɗaga kwanon nan, fentin jirgin ruwa ma na gwada, ya bar layi. Naka ne kaɗai rana ta ji kunyarsa."

Manaja ya fara bayani a kan sabuwar fasaha. Baba ya miƙa masa samfurinsa ya ce ya riƙe, zai yi masa amfani wajen wani. Ya ƙara da cewa ya yi hankali da mataki na uku, yana da santsi. Manaja ya dubi Yaya, Yaya ya dubi sama. Sai ya sauka, ledarsa a hammata, turarensa ya ɗan daɗe kafin ya bi shi.

Baba ya ciro mukullinsa ya kalla. Ya ce wannan bai bar aljihunsa ba, har asibiti da shi ya je. Ya tambayi Yaya ko ƙafafunsa da ba su iya hawa tsani don aiki ba sun koyi hawa don wani abu. Yaya ya fara rantsuwa.

"Bar shi, Malam," in ji Inna. "Shi ƙusa kawai ya zare. Ni na ba da mukullin."

Ba ta sunkuyar da kai ba. Ta ce ta hau da kanta ranar da ya je asibiti, ta ga samfurin Manaja na farko ya koɗe kamar tsohon zane, ta kuma san abin da hakan ke nufi, ba jahila ba ce, a gidan mai fenti ta tsufa.

"Shekara talatin da takwas ina wanke rigunanka da kananzir. Hannuna ga su nan. Ban taɓa sa farin kaya na zauna a ɗakina hankali kwance ba. Sau biyu ana kawo ka gida a kwance, ka faɗo daga tsani a kan allon wani wanda ko asibiti bai leƙo ka ba. Na haƙura, don ba ni da zaɓi. Ita tana da shi. Ban haifi 'ya don ta gaji bahon wankina ba. Wancan maƙaryaci ne, na sani tun ran da ya fara kirana Mama. Amma maƙaryacin da zai dawo gida da ƙafafunsa."

Baba ya tsaya da hamma a hannu. Shekara arba'in yana gwada fenti a rana, bai taɓa ɗaga kwano ya duba matarsa ba.

Amma magana ya riga ya yi, kuma irinsa sun gwammace gida ya rushe da a ce sun janye. Ya juya ga Dogo ya ce ya je ya yi maganar ƙaramin injin, da tawadar, da mai yankan sitika. Ɗaya maganar kuma, ya turo manyansa.

Inna ta ce to. Ta ce ya bayar, 'yarsa ce. Amma ba da yawunta ba, kuma ranar ba za a same ta a gidan ba.

Dogo ya dubi hannuwansa. Baƙin fenti a ƙarƙashin kowane farce, tabon faɗuwa a gwiwar hannu. Ya ce shi ba zai zama sanadin raba uwa da 'ya ba, abin da Inna ta faɗa gaskiya ne, bari ya ja da baya har Allah ya sanyaya zukata. Ya nufi matakala.

Auta ba ta yi kuka ba. Ta ƙarar da shi a rumfa.

"Ledar da ka zaɓa ta jure rana kwana arba'in, kai ko minti biyar ba ka jure ba. Ka ƙi yi mini ƙarya, na haɗiye. Yanzu gaskiyar ma za ka gudu ka bar ni da ita? In ƙafarka ta taka matakin nan, Malam Dogo, kada ka turo kowa, don ni zan kore su."

Ya tsaya, hannunsa a kan ƙofar. Sannan ya dawo, ya zo gaban Inna ya durƙusa a kan simintin mai zafi.

"Inna, fentin hannuna ba zai fita ba, tsani kuma ba zan daina hawa ba. Ba zan ce miki ba za ta sha wuya ba. Amma ina son ta, kuma zan turo."

Inna ta dube shi daga sama, irin kallon da ake yi wa aikin da aka yi daidai amma ba shi aka yi oda ba. Ta kewaye shi ta sauka, mataki ɗaya bayan ɗaya, tana dafa bango.

Daga can ƙasa suka ji ƙarar ƙofar ɗakinta, sannan ƙarar akwati ana jan sa a kan siminti zuwa bakin ƙofar gida.